Babi na Huɗu: Awon Jini a Kemis ɗin Unguwa

Tambayar da ta fi yawa a bakin mutane game da hawan jini, ko a majalisar dattawa bayan la'asar, ko a tsakanin mata a gidan suna, ita ce: shin awon jinin da ake yi wa mutum a kemis abin dogara ne, ko kuwa sai wanda aka yi a asibiti? Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne, domin sau da yawa mutum yakan shiga kemis ranar Litinin a ce masa jininsa ya kai 160, hankalinsa ya tashi, ya kwana bai runtsa ba, sa'an nan ya koma ranar Laraba, ko ya faɗa wani kantin na gaba, a ce masa 130 ne, lafiyarsa lau. Daga nan sai shakka ta shige shi, ya rasa wanda zai gaskata, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa na'urar ce ba ta da gaskiya, ya daina awon ɗungurungum. Amsar a taƙaice ita ce, awon kemis abin dogara ne matuƙar an cika sharuɗɗansa, an kuma san iyakarsa. Amma kafin a kai ga sharuɗɗan, wajibi ne mu san mene ne ake aunawa.

Abin da ake aunawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar noman rani, ya ga yadda injin ban ruwa ke zuƙo ruwa daga rafi yana tura shi cikin tiyo zuwa fangalin tumatir da albasa, to, ya riga ya fahimci rabin mas'alar. In ka kama tiyon da hannunka za ka ji ya yi tauri, kuma wannan taurin ba komai ba ne illa ƙarfin da ruwan ke dannar jikin tiyon da shi daga ciki. In kuwa ka matse bakinsa, sai taurin ya ƙaru, injin ya soma gurnani saboda wahala. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyon, sai dai ita zuciya ba ta turawa a miƙe, matsawa take yi ta saki, ta matsa ta saki, wajen sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da ke zaune cikin hutu, tun mutum yana cikin mahaifa har ranar da wa'adinsa ya cika. Shi ya sa awon ke zuwa da lambobi biyu. Ta sama ita ce ƙarfin dannar a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa ita ce abin da ya saura a cikin jijiya a ɗan tsakanin da zuciya ta saki kafin ta sake matsawa. Idan aka ce maka 120 bisa 80, wannan ake nufi.

Tiyon da ya shekara da shekaru yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa ba ya fashewa rana ɗaya, a hankali yake lalacewa, har wata rana ya tsage a inda ya fi rauni. In ɓarnar ta faɗa a ƙwaƙwalwa, jijiya ta fashe ko ta toshe, ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda da yawa daga cikinmu ke jingina wa iska ko jifa. In ta faɗa a ƙoda, ita ce mai kai mutum ga wankin ƙoda, wanda ke cinye dukiyar gida kafin ya bar gidan. In a ido ne, gani ya ragu. Ita kuwa zuciya sai ta yi kauri, daga bisani ta buɗe ta gaza, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagari mutum in ya kwanta. Ya kamata a lura kuma cewa wannan cuta ba yawan jini ba ce da za a ce ƙaho zai rage shi, domin akan sami mutum ɗaya yana fama da ƙarancin jini, yana kuma fama da hawansa a lokaci guda.

Asalin na'urar

Likitocin farko, irin su Ibn Sina, sun yi dogon bayani a kan bugun jijiyar da ake ji a wuyan hannu, suka rarrabe nau'o'insa. Ibn Nafis, wanda ya yi aikin likitanci a Alƙahira ya rasu a shekarar 1288, ya bayyana yadda jini ke fita daga sashen dama na zuciya ya bi ta huhu ya komo sashen hagu, sa'an nan a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayensa a jiki baki ɗaya. Amma sanin jini yana zagayawa daban, auna ƙarfinsa daban. Wanda ya fara aunawa shi ne Stephen Hales, wani malamin coci a Ingila, wanda ya wallafa a 1733 yadda ya zura bututu a jijiyar wata goɗiya, ya haɗa shi da dogon bututun gilashi a tsaye, jinin ya haura cikinsa fiye da ƙafa 8. Ba a sami hanyar da ta dace da ɗan Adam sosai ba sai a 1896, sa'ad da wani likitan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya fito da maɗaurin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska, a karanta ƙarfin a jikin bututun zaiba. Shi ya sa har yau ake lissafin awon da milimita na zaiba, ko da na'urar da ke gabanka babu ɗigon zaiba a cikinta. A 1905 kuma likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkof, ya gano cewa in aka hura maɗaurin har jini ya tsaya, sa'an nan aka riƙa sakin iskar sannu sannu ana saurare a gwiwar hannu, za a ji bugu ya soma, wannan ita ce lambar sama, daga baya a ji ya ɓace, wannan ita ce ta ƙasa. Na'urar batir da ta cika kantunan magani a yau ba ta saurare, girgizar jijiya take ji ta cikin maɗaurin, ta yi lissafi, ta rubuta.

Dalilin da ba za a raina kemis ba

Babban sharrin hawan jini shi ne ba ya sallama. Za ka ji mutum yana cewa shi ya san lokacin da jininsa ke hawa, domin ƙeyarsa ce ke sarawa, ko barci ya ƙaurace masa. Alhali galibin masu cutar ba sa jin komai, suna noma, suna kasuwa, suna cin tuwonsu da marmari, har ranar da za su faɗi a banɗaki ko a sahun salla. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙididdigar da ta fitar a 2021, ta ce manya kimanin biliyan 1.28 ne masu shekaru 30 zuwa 79 ke ɗauke da hawan jini a duniya, kashi biyu bisa uku a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma wajen kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Ba cutar attajirai ba ce, ba kuma ta masu yawan tunani kaɗai ba. Tana kama siriri kamar yadda take kama mai ƙiba, tana kuma bin jinin gida.

To, cutar da ba ta da alama ba a gano ta sai da awo, kuma mutumin da ke jin kansa garau ba zai bar rumfarsa ya tafi asibiti ya yanki kati ya bi layi tun hantsi har azahar don a gaya masa lamba biyu ba. Amma kemis yana bakin layinsu, a buɗe yake har bayan isha'i, mai shi sananne ne, kuma awon ba ya wuce 'yan mintuna, da kuɗi kaɗan, wani wurin ma kyauta. Saboda haka ni a ganina mai kemis da ya ajiye na'ura mai kyau, ya kuma koyi yadda ake aiki da ita, yana yi wa unguwarsa hidimar da babban asibiti ba zai iya yi mata ba, kuma duk wanda ya haura shekara 40 ya kamata ya miƙa hannunsa aƙalla sau ɗaya a shekara, fiye da haka in iyayensa sun yi cutar, ko yana da ciwon sukari. Masu cewa gara kada su sani, tun da cuta da mutuwa duk na Allah ne, sai a tuna musu cewa malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne da za a tambayi mutum a kansa.

Sharuɗɗan awo

A nan ne mafi yawan kuskure ke aukuwa, kuma galibinsa ba daga na'ura yake ba. Mu ɗauki misalin dattijo da ya taso daga kasuwa da tsakar rana, ya sauka daga babur ya ratso titi da sauri, da ɓarin goro a bakinsa, ya leƙa kanti ya ce, "Likita, ɗan duba mini BP, sauri nake yi." Yaron kanti ya ce, "To, Baba, kawo hannun." Ya zauna a gefen benci ba majingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, aka ɗaura maɗaurin a kan hannun 'yar ciki, hannun yana reto a gefensa, iska na shiga wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka da ɗaya hannun ya soma ciniki. Na'ura ta rubuta 164 bisa 96. Wannan lamba gaskiya ce game da halin da jijiyarsa ke ciki a wancan minti, amma ba ita ce ake nema ba, domin iyakokin da likitoci suka gindaya an gina su ne a kan awon mutumin da ke zaune cikin natsuwa.

Abin da ya kamata yaron ya ce shi ne, "Baba, a zauna tukuna a huta, a zubar da goron." Sharaɗin farko ke nan: mutum ya zauna shiru na minti 5 kafin a ɗaura masa komai, kuma ya kasance ya yi rabin sa'a bai ci goro ba, bai sha shayi mai kauri ko kofi ko taba ba, bai kuma yi aikin ƙarfi ba. In yana jin fitsari ya je ya kama ruwa, domin cikakkiyar mara kaɗai tana iya ƙara kimanin 10 a lambar sama, haka ma magana a lokacin awo, ko da gaisuwa ce. Ya jingina bayansa, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, a ɗora hannunsa a kan tebur ta yadda tsakiyar damtse za ta yi daidai da ƙirji, domin hannun da ya yi ƙasa da zuciya yana ƙara lamba, wanda ya yi sama kuma yana rage ta. A ɗaura maɗaurin a kan fata, ɗan sama da gwiwar hannu kamar faɗin yatsu biyu, kada kuma rigar da aka naɗe ta shaƙe damtsen daga sama. Mace mai hijabi tana iya zura hannunta ta ƙasa a ɗaura mata a suturce, in ta zo da riga mai sakakken hannu. Kuma kantin da ke da mace a cikin ma'aikatansa ya sauƙaƙa wa matan unguwa abin da kunya ke hana su.

Akwai sharaɗi guda da kusan kowa ke mantawa, watau girman maɗaurin. In ka duba jikinsa za ka ga an rubuta kaurin damtsen da aka yi shi dominsa, galibi santimita 22 zuwa 32. Mutum mai ƙiba da aka matsa wa wannan maɗauri, har yana ɓarkewa in iska ta shiga, za a ba shi lambar da ta fi tasa ta haƙiƙa, wata kila a ɗora shi a kan maganin da ba ya bukata. Hakkinsa ne ya tambaya ko akwai babba, in babu ya nemi inda yake. Na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ba ta kai ta damtse inganci ba, kuma mai bugun zuciya marar tsari na iya rikita na'urar batir, irin wannan sai an saurara masa da kunne. Bayan duk wannan, kada a tsaya a kan awo ɗaya: a jira minti ɗaya ko biyu a sake, a ɗauki tsaka-tsakinsu, kuma a zuwan farko a auna hannu biyu, wanda ya fi hawa shi za a riƙa aunawa nan gaba.

Fassarar lambobi

A fuskar na'urar batir akan ga lambobi uku a jere. Wadda aka rubuta wa SYS ita ce ta sama, mai DIA ita ce ta ƙasa, ta ukun kuwa yawan bugun zuciya ne a minti, ba ta cikin lissafin hawan jini, ko da yake da yawa sukan ruɗe da ita. Wanda awonsa ya tsaya a ƙasa da 120 bisa 80 sai godiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga mutum cikin masu hawan jini in lambar sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye, a ranaku biyu mabambanta, kuma ɗaya daga cikinsu ta isa, ba sai duka biyun ba. Abin da ke tsakani gargaɗi ne, hasali ma likitocin zuciya na Amurka tun 2017 suka sauko da iyakarsu zuwa 130 bisa 80.

Wannan sharaɗi na ranaku mabambanta shi ne amsar tambayar da muka soma da ita. Jini ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana sauka cikin barci, ya tashi da asuba, fushi da tsoro da zafin ciwo suna ɗaga shi, hutu yana kwantar da shi, don haka saɓanin Litinin da Laraba ba hujja ba ce a kan na'ura, kuma awo ɗaya ba ya tabbatar da cuta, ba ya kuma kore ta. Akwai ma mutanen da ganin likita kaɗai ke ɗaga musu jini, su dawo gida ya sauka. Irin waɗannan mutane, awon da aka yi musu a wurin da suka saba ya fi bayyana haƙiƙar halinsu. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne ya sami ƙaramin littafi, ko bayan katin asibiti, ya riƙa rubuta kwanan wata, da lokaci, da hannun da aka auna, da lambobin biyu duka, kada ya wadatu da "an ce ya ɗan hau" ko "an ce ba laifi". Likitan da aka kawo wa irin wannan rubutu na mako biyu ya fi samun abin gina hukunci a kai fiye da abin da zai samu daga awonsa guda.

Iyakar mai kemis

Abin da muke kira kemis a Najeriya iri biyu ne, kuma hukumar da ke kula da sana'ar haɗa magunguna da sayar da su, watau PCN, ita ce ke ba wa dukkansu lasisi. Akwai famasi, wanda ke ƙarƙashin masanin magunguna da ya yi shekara biyar ko fiye a jami'a. Akwai kuma ƙaramin kanti, wanda aka yarje wa sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita kawai. Magungunan hawan jini kuwa suna cikin waɗanda ake bayarwa da takarda, kuma wannan ba ƙa'idar wofi ba ce. Kafin a ɗora mutum a kansu ana bukatar a duba fitsarinsa da ƙodarsa da sukarinsa, wani lokaci da zuciyarsa, abin da ba a yi a kan kanta. Zaɓen maganin ma ilimi ne mai zaman kansa: wani bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da aka gwada wanda babu shi, lisinopril kuwa, da ke amfanar mai ciwon sukari, yana cutar da ɗan tayi in mai ciki ta sha. Saboda haka ƙwayar da ta yi wa maƙwabcinka aiki ba dalili ba ce da za ka saye ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne al'adar nan ta "a sauke shi yanzu", inda za a ga lamba ta hau a ba mutum ƙwaya ya sa a ƙarƙashin harshe, ko a yi masa allurar fitsari, ko a haɗa shi da maganin barci a ce ya je ya kwanta. Jinin da ya yi shekaru a sama, in aka fizgo shi ƙasa cikin sa'a guda, ƙwaƙwalwa na iya rasa rabonta, a jawo shanyewar da ake gudu. In awo ya kai 180 bisa 120, aka huta aka sake bai sauka ba, asibiti za a nufa a ranar. In kuwa ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu da ƙafa, ko dishewar gani, to, ba a jiran komai, mota za a nema nan take. Mai juna biyu kuma hukuncinta ya fi tsanani, domin 140 bisa 90 ta isa a kai ta wurin awon ciki ba da jinkiri ba, musamman in da ciwon kai, ko kumburin fuska da hannaye, ko ganin walƙiya, waɗanda su ne ke gabatar jijjigar da ke ɗauke uwa da ɗa.

Inda mai kemis na ƙwarai ya fi amfani bayan awo shi ne tambaya. Zai tambayi Hajiya me take sha don ciwon gwiwa, domin diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum suna ɗaga jini, haka ma wasu magungunan mura, da ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Zai kuma tsaya wa wanda ya zo ya ga 126 bisa 78 ya ce, "Alhamdu lillahi, na warke, na bar magani," ya fahimtar da shi cewa lambar ta yi kyau ne saboda maganin, kuma in ya bari za ta koma inda ta fito ba tare da ya ji komai ba; wanda azumi ya rikita masa lokacin sha kuwa, sai a mai da shi ga likitansa ya daidaita masa tsakanin buɗa baki da sahur.

Da yawa daga cikin waɗanda awonsu ya faɗa yankin gargaɗi za a ce musu su rage gishiri, su amsa da cewa ai su ba sa cin gishiri da yawa, kuma da gaskiyarsu suke faɗa, domin ba su lissafa dunƙulen da ake marmasawa a miya, da yajin tsire, da kanwar da ake jefawa a wake da kuka da kunun mai jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa baligi ƙasa da giram 5 a rana, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, daga dukkan abin da ya ci. Babi na gaba zai shiga madafi ya bi tukunya ɗaya bayan ɗaya, ya duba inda wannan cokali ke cika tun kafin azahar, da abin da likitocin Zariya suka gano tun shekarun 1970 game da kunun kanwa da zuciyar mai jego.